Kwarkwata a kan yara: shin sai an wanke kayan gida gaba ɗaya?

Maman 'Yan Biyu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan al'amari, musamman ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Na ga kwarkwata a kan ɗaya daga cikin 'yan biyuna, masu shekara bakwai, bayan ta daɗe tana sosa ƙeya da bayan kunne. Da na buɗe gashin a wuri mai haske sai na ga masu rai suna tafiya, ga kuma ƙwai manne da gashi kusa da fata. Na sayo magani na shafa mata yadda takardar ta nuna, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne kayan gida. Wasu sun ce in ban wanke zannuwan gado da labule da tufafin kowa da ruwan zafi ba, na fitar da katifu rana, na kuma yi feshin maganin ƙwari a ɗakuna, to aikin banza na yi, domin kwarkwatar za ta fito daga cikin kaya ta koma kan yarinyar. Wasu kuma sun ce kai kaɗai ake yi wa magani. Mutanen gidan suna da yawa, wankin ba ƙarami ba ne, kuma akwai jariri da ba na so ya shaƙi feshi. Wace magana zan ɗauka?

Hajiya Babba

Wa'alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba yarinya lafiya. Shawarata ita ce ki daure ki yi wankin, kome yawansa. Na yi fama da wannan abu a kan jikokina, muna magani yana dawowa, kuma bai bar mu ba sai ranar da na sa aka tattara zannuwa da rigunan filo da ɗankwalaye da huluna aka zuba musu tafasasshen ruwa, aka shanya katifu a rana, aka share ɗakuna lungu da saƙo. Daga wannan rana ban sake ganin ko ɗaya ba. Ban ce ki yi feshi ba tunda akwai jariri, amma hankali ba zai ɗauka ba a ce yaro ya kwana a kan filo da kai cike da kwarkwata, sannan a ce filon babu kome a jikinsa.

Ma'aikaciyar Jinya

Hajiya, Allah ya ƙara girma. Ina neman izinin in ɗan saɓa miki, domin amsar wannan tambaya tana cikin yadda kwarkwatar kai take rayuwa. Ƙwaro ce ƙarama, tsawon babbarta milimita 2 zuwa 3, kusan girman ƙwayar riɗi. Tana da ƙafafu shida masu ƙugiya waɗanda aka halitta don riƙe silin gashi, ba ta da fiffike, ba ta tashi kuma ba ta tsalle. Abincinta jinin mutum ne kawai, kuma tana buƙatar ta sha sau da yawa a kowace rana. A kan mutum tana iya kai kwana 30 a raye, amma idan ta faɗo kan filo ko kujera, ta rasa jini da ɗumin fatar kai, jikinta yakan bushe ta mutu cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma tun kafin ta mutu ƙarfinta ya riga ya ragu ƙwarai. Saboda haka kwarkwata mai ƙoshin lafiya ba ta barin kai da son ranta sai ta sami wani kan da gashinsa ya taɓa wanda take ciki.

Ƙwan ma haka yake. Macen takan saka kimanin 6 a rana, tana liƙa kowanne a jikin silin gashi da wani irin danƙo mai ƙarfi, a tazarar da ba ta cika wuce milimita 6 daga fata ba, domin ɗumin kai ne yake ƙyanƙyashe shi cikin kwana 8 zuwa 9. Ba ta saka ƙwai a katifa ko labule ko darduma. Idan gashin da ke ɗauke da ƙwai ya zube ƙasa, da wuya ƙwan ya ƙyanƙyashe tunda ya rabu da wannan ɗumi, kuma ko ya ƙyanƙyashe, 'yar da ta fito sai ta sami jini cikin 'yan sa'o'i ko ta mutu.

An bincika wannan a aikace. Farfesa Richard Speare da abokan aikinsa na Jami'ar James Cook da ke Ostireliya sun tattara ƙurar daɓen azuzuwa 118 na makarantun firamare, ba su sami kwarkwata ko ɗaya a ciki ba, alhali a kawunan yaran waɗannan azuzuwa sun tsefo fiye da 14,000. An buga sakamakon a 2002. A shekarar da ta biyo baya suka buga wani binciken a kan rigunan filo 48 na mutanen da aka tabbatar suna da kwarkwata, inda suka sami mai rai a kan guda biyu kacal. Wannan bincike na biyu ya ba Hajiya gaskiya ta wani ɓangare, domin filo yana iya ɗaukar ɗaya jifa-jifa, shi ya sa sauya rigar filo yake da amfani. Amma labule da kafet da tufafin da ke ninke a akwati ba su da hannu a cikin lamarin.

Hajiya Babba

Na ji bayaninki, Malama, kuma ban raina shi ba. Sai dai ki amsa mini abu guda. Idan ba a cikin kaya take ɓoyewa ba, daga ina take dawowa bayan an shafa magani an ga ta mutu? Mu da idonmu muka ga kan ya yi fes, bayan mako biyu kuma yarinya ta koma susa. Ba daga sama ta faɗo ba.

Mai Harhaɗa Magunguna

Hajiya, tambayar nan taki ita ce zuciyar maganar. A mafi yawan lokuta kwarkwatar da ake cewa ta dawo ba ta taɓa barin kan ba. Yawancin magungunan da ake shafawa suna kashe masu rai, amma ba sa kashe ƙwai duka. Ranar da aka shafa magani kan yakan yi kamar ya rabu da ita, ƙwan da ya tsira kuma yana nan manne yana jiran lokacinsa. Bayan 'yan kwanaki sai ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su fito ƙanana ƙwarai yadda ido ba ya saurin kama su, kuma cikin kwana 9 zuwa 12 sun girma sun fara saka nasu ƙwan. Idan kika lissafa za ki ga ya kama mako biyu zuwa uku, wanda ya yi daidai da abin da kika ambata. Wannan ne dalilin da ya sa ake maimaita shafawa, kuma lokacin maimaitawar yana da muhimmanci. Idan aka yi gaggawa, akwai ƙwan da bai riga ya buɗe ba, idan kuma aka makara, sababbin sun riga sun fara saka wani. Ga maganin kwarkwata mai suna fametirin, mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, ana maimaitawa wajen rana ta 9, ga wani mai suna daimetikon mai kashi 4 kuma bayan kwana 7. Iyaye da yawa suna tsallake wannan shafawa ta biyu saboda sun ga yaro ya daina susa.

Dalili na biyu shi ne kwarkwata ta saba da wasu magunguna. An daɗe ana amfani da fametirin da danginsa a duniya, har aka sami zuriyar kwarkwata da ba ta jin su a ƙasashe da dama, kuma hukumar lafiya ta Birtaniya, wato NHS, ta sa shi cikin abubuwan da ba ta ba da shawarar amfani da su ba saboda da wuya ya yi aiki. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A duba kan bayan sa'a 8 zuwa 12 da shafawa. Idan an ga matattu da wasu da ke tafiya a hankali, maganin yana aiki. Idan kuma suna gudu kamar ba a shafa kome ba, kada a ƙara wannan maganin, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya a sauya wani. Daimetikon yana da daraja a nan domin ba guba ba ne, wani irin mai ne da ke lulluɓe ƙwaron ya toshe masa kafofin jiki, don haka sabon da ta yi da guba ba ya kare ta daga gare shi. Akwai kuma malatiyon mai kashi 0.5 da ake bari a kai sa'a 8 zuwa 12, sai dai wanda aka haɗa da sinadarin alkohol yana kama wuta, dole a nisanta yaro da murhu da kyandir da injin busar da gashi har sai an wanke. Akwai ibamektin na shafawa mai kashi 0.5, wanda galibi sau ɗaya yake wadatarwa.

Sauran dalilan na yadda ake shafawa ne: magani kaɗan a kan gashi mai yawa, ko wanke shi kafin lokaci ya cika, ko sa man laushin gashi kafin fametirin, wanda ke hana shi kama gashin. Sai kuma babban dalili, wato wani a gida ko a aji yana ɗauke da ita ba a duba shi ba. Hajiya, zan so in sani, ranar da kuka yi babban wankin nan, me aka yi wa kawunan yaran?

Hajiya Babba

Ranar kam kowa aka yi wa. Na tara su duka, har da waɗanda ba sa susa, aka tsefe musu kai aka shafa magani aka taje, kuma uwarsu ta ci gaba da tajewa har tsawon makonni. Na gane inda ka dosa, Malam. Duk da haka ni a wurina abubuwan biyu tare suka yi aiki, kuma ba zan iya kwantar da jikana a kan zanen da ba a wanke ba.

Mai Harhaɗa Magunguna

Wanke zanen gado babu laifi a cikinsa, Hajiya, kuma ba mai hana ki. Abin da nake gudu shi ne uwa ta ƙarar da ƙarfinta a kan wankin kwana biyu, ta gaji, sannan ta kasa zama ta taje kan yara a ranakun da suka biyo baya. Abin da kuka yi na haɗa kowa a rana ɗaya shi ne ya yanke hanyar yaɗuwa, domin wanda kwarkwata ta kama karon farko yana iya yin mako 4 zuwa 6 bai fara ƙaiƙayi ba. Ƙaiƙayin martani ne da jiki ke yi ga yawun ƙwaron, kuma jiki yana ɗaukar lokaci kafin ya fara wannan martani. Yaron da ba ya susa yana iya zama shi ne yake mayar wa sauran.

Baban Yara

Malam, ina da tambaya. Na sha jin mutane suna cewa a ɗiga fiya-fiya cikin man gashi, ko a shafa kananzir a ɗaure kai da leda, wai sau ɗaya ya isa kuma har ƙwan yake kashewa. Tunda ka ce magungunan kanti wasu sun daina aiki, shin akwai wani ma'auni kaɗan na waɗannan da ba zai cutar ba?

Ma'aikaciyar Jinya

Yallaɓai, babu irin wannan ma'auni, kuma ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya isar wa na kusa da shi. Magungunan ƙwari na gona da na feshin ɗaki ba a yi su don jikin mutum ba. Da yawa daga cikinsu suna ratsa fata su shiga jini, fatar kan yaron da ya daɗe yana susa kuwa cike take da ƙananan raunuka, ga shi kuma an ɗaure kan yadda gubar za ta zauna tana shiga. Alamomin wannan guba su ne dalalar yawu, zufa, amai, ƙanƙancewar baƙin ido, wahalar numfashi da jijjiga, kuma tana kisa. Idan har an riga an shafa wa yaro, a cire masa tufafin, a wanke kan da jikin da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya asibiti tare da kwalbar abin da aka shafa, ba tare da jiran alamu su bayyana ba.

Kananzir da fetur kuma suna ƙona fata, tururinsu yana cutar da huhu, kuma tartsatsi ɗaya ya isa gashi ya kama da wuta. Leda a kan ƙaramin yaro, musamman in zai yi barci da ita, tana iya zamewa ta toshe masa numfashi. Kwarkwatar kai ba ta yaɗa wata cuta da aka sani. Iyakar ɓarnarta ƙaiƙayi, rashin barci, da gyambon da susa kan jawo idan ƙwayoyin cuta suka shiga. Bai dace a sa ran yaro cikin haɗari don abin da mataji zai iya magancewa ba. Feshin ɗaki ma haka ne, ba ya isa inda kwarkwatar take, sai dai mutanen gida su shaƙa.

Mai Harhaɗa Magunguna

Ina ƙarawa da lindan, tsohon maganin kwarkwata da har yanzu ake cin karo da shi a wasu wurare. Yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi har ya jawo jijjiga, likitocin yara sun daina ba da shawararsa, kuma ƙasashe da yawa sun hana shi. A karanta jikin kwalba kafin a saya. Maganin ƙuma na karnuka da kyanwoyi shi ma ba na mutane ba ne, kuma dabbobin gida ba sa ɗaukar kwarkwatar mutum, don haka babu abin da za a yi musu.

Malamar Firamare

Ni abin da nake gani a aji ya yi daidai da bayanin Malama. Yara ƙanana ba su san tazara ba. Za ki ga uku sun haɗa kai a kan littafi ɗaya, ko suna raɗa a kunnen juna, ko sun rungume juna a filin wasa, kuma ta nan kwarkwata take rarrafawa daga wannan gashi zuwa wancan. Shi ya sa ta fi yawa tsakanin masu shekara 3 zuwa 11. A Amurka kaɗai an ƙiyasta ana samun kamuwa miliyan 6 zuwa 12 a kowace shekara a wannan rukuni, kuma wannan ya isa ya nuna cewa ba rashin injin wanki ko rashin ruwa ne ke kawo ta ba. Tana kama kai mai tsabta kamar yadda take kama wanda ba a wanke ba, kuma wanka da sabulu ba ya cire ta domin tana riƙe gashi gam ko a cikin ruwa.

Abin da ke damuna shi ne kunya. Uwa takan ɓoye saboda kada a ce gidanta da ƙazanta, ta yi wa 'yarta magani a asirce, ta mayar da ita kusa da ƙawar da ta ɗauko daga wurinta, wadda ita ma uwarta tana ɓoyewa. Haka za su yi ta musaya har zangon karatu ya ƙare, kowace uwa tana zargin katifarta. Maman 'Yan Biyu, don Allah ki sanar da malamar ajinsu a keɓe, ta tura wa iyaye saƙo ba tare da ambaton sunan kowa ba, a ce kowa ya duba kan ɗansa a ƙarshen mako guda. Ba kuma sai kin hana yarinyar zuwa makaranta ba. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka, a rahotonta na 2022, ta sake jaddada cewa bai kamata a kori yaro daga aji saboda kwarkwata ko ƙwanta ba, kuma NHS ma haka take faɗa. Yaron da aka gano yau galibi ya yi makonni da ita a cikin ajin.

Maman 'Yan Biyu

Na gode ƙwarai, hankalina ya fara kwanciya. Malama mai jinya, ki taimaka ki fayyace mini abin da zan taɓa da wanda zan bari. 'Yan biyun gado ɗaya suke kwana, suna musayar ɗankwali da mataji, kuma akwai wata 'yar tsana mai gashi da wadda abin ya kama take rungumewa in za ta yi barci. Ita 'yar'uwar tata na duba da ido ban ga kome ba.

Ma'aikaciyar Jinya

'Yar'uwa, hukumomin lafiya biyu da aka fi ambata sun ɗan bambanta a nan, kuma gara ki ji duka. NHS ta ce babu ma buƙatar wankin ruwan zafi. Cibiyar daƙile cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta fi taka-tsantsan, amma ita ma ta taƙaita aikin ga abin da ya taɓa kan mai kwarkwatar cikin kwana biyu kafin a fara magani. A wurinki wannan yana nufin rigunan filo, zanen gadonsu, tawul, ɗankwalaye da kayan barcin da suka sa a waɗannan kwanaki. Ki wanke su da ruwan da zafinsa ya kai digiri 54 a ma'aunin Salshiyas ko ya ɗara, ko ki bi su da guga mai zafi bayan sun bushe. Mataji da abin ɗaure gashi ki cire gashin da ya maƙale a jikinsu, ki jiƙa su a irin wannan ruwa minti 5 zuwa 10. Wannan shi ne abin da na fi ba muhimmanci cikin kayan, domin mataji yana iya fizgo mai rai mai ƙarfinta ya kai ta kan wani nan take.

'Yar tsanar, in ba ta wankuwa, CDC ta ce a ɗaure irin wannan kaya a leda mako biyu, don ko da akwai ƙwai a wani gashi da ya maƙale ya ƙyanƙyashe ya mutu a ciki. A ganina wannan ya kai matuƙar taka-tsantsan, amma tunda ba ya cin ƙarfi, ki yi, ki ajiye ledar inda yara ba za su kai ba. Katifa da kujerar da take zama ki share ko ki bi su da injin zuƙe ƙura sau ɗaya. Labule, kafet ɗin wasu ɗakuna, tufafin manya da kayan da ke cikin akwati ki bar su yadda suke.

Game da 'yar'uwarta, duba da ido ba ya wadatarwa, domin kwarkwata tana gudun haske kuma tana da sauri a cikin busasshen gashi. Ki taje ta da mataji mai ƙananan haƙora, haka kowa a gidan har ke kanki. Ƙa'ida ita ce a yi wa wanda aka ga mai rai a kansa magani, kuma duka a rana ɗaya, sai dai CDC da likitocin yara na Amurka suna ganin ya dace a haɗa da wanda suke kwana gado ɗaya ko da ba a ga kome ba. A halin 'yan biyunki ni zan haɗa su.

Uwar Gida Mai Tajewa

Tunda an zo kan tajewa, bari in faɗi yadda ake yi, domin mutane da yawa suna sayen matajin su ja shi sau biyu a busasshen gashi su ce ba ya aiki. A tsefe kitso gaba ɗaya, a wanke kan da shamfu, sannan a shafa man laushin gashi da yawa kada a ɗauraye. Man yana sa kwarkwata ta kasa gudu, yana kuma sa mataji ya wuce ba tare da yaro ya yi kuka ba. A fara da babban mataji a warware gashin, sannan a raba shi kashi-kashi a ɗaure. A ɗauki kashi ɗaya, a sa ƙaramin matajin yadda haƙoransa za su taɓa fatar kai, a ja har ƙarshen gashin, a goge a farin ƙyalle, a duba. A kan farin ƙyallen za ki gan su a cikin man, manya masu launin toka ko ja-ja in sun sha jini, da ƙananan da sai an zuba ido. A fi ba ƙeya da bayan kunne lokaci. Gajeren gashi yakan ci minti 10, mai tsawo ko mai cika kuma minti 20 zuwa 30, kuma gashi mai murɗewa sosai yana son a ƙara yawan kashin da yawan man.

Tsarin da NHS ta bayar shi ne a yi haka a rana ta 1, ta 5, ta 9 da ta 13, a sake dubawa a ta 17. Hikimar tazarar ita ce duk wadda ta ƙyanƙyashe a kama ta kafin ta isa saka ƙwai. Wanda ya bi wannan da haƙuri yana iya rabuwa da ita ko ba magani. Wanda ya shafa fametirin kuma ya bar kwana ɗaya ko biyu kafin ya sake wanke kan, ya kuma taje ba tare da man ba a tsakanin shafawar biyu. Don bambance ƙwai da amosani, a hura ko a kaɗa da yatsa. Amosani yana tashi, ƙwai kuwa sai an kama shi da farce an ja shi har ƙarshen silin. Mai rai yana da ɗan duhu kuma yana fashewa tsakanin farce biyu, ɓawon da aka riga aka fita daga cikinsa kuma fari ne.

Hajiya Babba

Akwai abin da har yanzu bai daidaita a raina ba. Na taɓa ganin kwarkwata a cikin ɗinkin riga, da ƙwanta jere a bakin wuyan rigar, kuma masu ita ba su rabu da ita ba sai da aka dafa tufafin. Yaya za a ce ba ta zama a kaya?

Ma'aikaciyar Jinya

Abin da kika gani gaskiya ne, Hajiya, kuma ina zaton daga nan ne shawarar dafa kaya ta samo asali. Waccan kwarkwatar jiki ce, 'yar'uwar ta kai, amma rayuwarsu ta bambanta. Ta jiki tana zaune a ɗinkin tufafi, a nan take saka ƙwai, tana zuwa fata ne kawai don ta sha jini. Ana samunta inda mutane suka cunkushe babu halin wanka da sauya tufafi, kamar sansanonin gudun hijira, gidajen yari da fagen yaƙi, kuma ita tana yaɗa zazzaɓi masu haɗari irin su taifus. Maganinta shi ne abin da kika faɗa: wanka, sauya tufafi, da wanke kaya da ruwan zafi. Kuɗin cizo shi ma a katifa da tsagar gado yake ɓoyewa, yana iya yin watanni bai ci ba, don haka shi ne yake buƙatar a yi wa ɗaki aiki sosai. Idan mutum yana tashi da cizo a hannu da baya da ƙafa, a duba ɗinkin tufafi da gefen katifa. Idan ƙaiƙayin a kai yake kuma an ga ƙwai a gashi, to aikin yana kan.

Baban Yara

To maza fa, ba gara a aske kawai ba? Sannan jaririn da aka ambata, in aka ga ita a kansa me za a yi?

Mai Harhaɗa Magunguna

Aski yana raba yaro da ita idan an aske ƙwal, tunda babu gashin da za ta riƙe, kuma ga namijin da ya saba da aski hanya ce mai sauƙi. Rage tsawo kawai ba ya yi, domin ita da ƙwanta kusa da fata suke. Yarinya kuwa kada a tilasta mata, tajewa da magani sun wadatar.

Jariri a taje shi kawai da hannu mai sauƙi, kada a shafa masa kome sai likita ya gani, domin kowane magani yana da mafi ƙarancin shekarun da aka yarda da shi: fametirin daga wata 2, ibamektin na shafawa daga wata 6, malatiyon kuma a Amurka sai daga shekara 6. Mai ciki da mai shayarwa su ma su fara da tajewa, su tambaya kafin su shafa. Kada maganin ya kusanci ido. Maman 'Yan Biyu, bayan kin gama za ki ci gaba da ganin fararen ɓawo a gashin, kada su sa ki sake shafa magani. Gashi yana tsiro kimanin santimita 1 a wata, don haka ƙwan da ya yi nisa da fata fiye da haka galibi ya riga ya buɗe ko ya mutu, kuma mai rai da ke tafiya ita kaɗai ce shaidar cewa abin bai ƙare ba. Ki ci gaba da dubawa duk bayan kwana 2 zuwa 3 har mako biyu ko uku. Idan kika ga gyambo yana ruwa a fatar kai, ko kaluluwa ta fito a wuya, ko yarinyar ta yi zazzaɓi, ki kai ta asibiti, domin wannan alamar ƙwayoyin cuta ce da suka shiga ta wurin susa kuma maganinsu daban ne.